Ninki da Marabi a Lissafin Firamare: Darasi daga Hisabin Gado na Zaurukan Wamakko

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ginshiƙai biyu na lissafin farko, wato ninki da marabi, waɗanda ɗalibai kan haddace ƙa'idojinsu ba tare da sun gane amfaninsu ba. An nuna cewa alaƙoƙi huɗu da malaman gado suke aunawa tsakanin lambobi (tamasuli, tadahuli, tawafuƙi da tabayuni) su ne darasin da littafin boko ke koyarwa da wasu sunaye. An kawo misalai daga tsohon kuɗin sule da fam, da rabon gado, da yankan fangali a fadama, sannan an bayyana inda kowace hanya ta gaza.

1.0 Gabatarwa

A Ƙaramar Hukumar Wamakko ne mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, jami'ar da aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka sauya mata suna a 1988. Kewaye da ita akwai garuruwa irin su Dundaye da Kwalkwalawa, inda karatun zaure bai yanke ba, kuma noman fadama yake riƙe da gidaje masu yawa. Yaron wannan yanki yana tashi tsakanin makarantu biyu. Da safe malamin firamare zai rubuta masa haruffan nan na Turanci, LCM da HCF, ya ce ya nemo su tsakanin 6 da 8. Da dare kuma, idan mahaifinsa mai zuwa ɗaukar karatu ne, zai iya jin ana cewa mas'alar da ta haɗa tumuni da sudusi daga ashirin da huɗu take fita. Ba safai ake samun wanda zai gaya masa cewa tambaya ɗaya aka yi masa sau biyu ba.

Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya tanadi a koyar da yara da harshen uwa a shekarun farko na firamare, amma wannan darasi yakan zo wa ɗalibi da Turanci tsantsa. Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawa: a tambayi yaro marabin 12 ya rubuta 24, a tambaye shi ninkin 12 ya rubuta 6. Ruɗanin ba na wasa ba ne, domin wanda bai bambance su ba ba zai iya tara kashi da kashi ba, kuma a ƙasar da ake raba gona da gida da dabbobi bisa kashe-kashen da shari'a ta yanka, wannan jahilci yakan kai 'yan'uwa gaban alƙali.

2.0 Ma'anar Kalmomin

Idan aka ce 3 sau 4 ya ba da 12, an faɗi abu biyu a lokaci guda. An faɗi cewa 12 ninki ne na 3 da na 4, an kuma faɗi cewa 3 da 4 suna raba 12 ba tare da ragowa ba. A wannan maƙala za a kira lambar da ke raba wata babu ragowa da sunan marabi, jam'inta marabai. (An guji jam'in “maraba” don kada yara su ɗauka baƙo ake tarba.) Ke nan ninki da marabi alaƙa ɗaya ce da ake kallo ta fuska biyu, kamar yadda kawu da ɗan 'yar'uwa suke: ba a samun ɗaya sai da ɗayan.

Bambancin da ya kamata ya fara zama a kan ɗalibi shi ne na iyaka. Marabai suna ƙarewa. Na 12 guda shida ne kacal: 1, 2, 3, 4, 6 da 12, kuma babu wanda ya fi 12 girma. Ninki kuwa ba ya ƙarewa: 12, 24, 36, 48, har inda numfashi ya tsaya, kuma babu wanda ya gaza 12. Wannan ne dalilin da ya sa idan lambobi biyu suka haɗu ake neman babban marabin da suka yi tarayya a kai, amma ƙaramin ninki. Neman babban ninki aikin banza ne tun da babu shi, neman ƙaramin marabi kuma ba ya buƙatar wahala tun da kullum 1 ne. Yaron da ya gane wannan ba zai sake musanya su ba, ko da sunayen Turancin sun kuɓuce masa.

2.1 Abin da Sule da Fam Suka Koyar

Kafin 1 ga Janairu, 1973, ranar da naira ta fara aiki, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Kalmomin da Hausa ta riƙe daga wancan zamani darasi ne a kan marabai: sisi kwabo 6 ne, rabin sule, taro kwabo 3, rubu'insa, nai kwabo 9, taro uku ke nan. Mai tallar goro da ba ta taɓa shiga aji ba ta san sule yana rabuwa gida biyu, uku, huɗu da shida. Fam ɗaya kwabo 240 ne, kuma 240 tana da marabai ashirin. Mutum uku da suka yi aikin fam ɗaya kowa zai ɗauki sule shida da kwabo takwas, a tashi lafiya. Naira kuwa kwabo 100 ce, marabanta tara ne kawai, kuma 3 ba ta cikinsu. Mutum uku za su ɗauki 33 kowanne, kwabo ɗaya ya rage a ƙasa. Tsarin goma-goma ya sauƙaƙa rubutu da tarawa, wannan gaskiya ne, sai dai ya rage wa yaro damar cin karo da sulusi da sudusi a cinikin yau da kullum.

3.0 Asalin Mas'ala

Kashe-kashen gado da aka ƙayyade a Suratun Nisa'i, ayoyi na 11, 12 da 176, guda shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, tana da babi a kan waɗanda suke cin waɗannan kashe-kashe, Muhtasar na Shaihu Halil kuma da babin gado ya rufe, inda ya kawo hisabin kansa. Littattafan biyu suna cikin waɗanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Sakkwato. Dangantakar gado da lissafi ta girmi dukansu, domin littafin Alhawarizmi na wajen shekara ta 820, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabara, ya ware babban sashe ga matsalolin wasiyya da gado.

Matsalar mai rabo ita ce: gida nawa za a kasa dukiya domin kowane magaji ya ɗauki rabonsa cikakke, ba tare da an gutsura kaso ba? Wannan adadi shi malamai ke kira asalin mas'ala, kuma sun ƙidaya asali bakwai: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Almajiri yakan haddace su kamar yadda ya haddace sauran ƙidaye-ƙidayen fiƙihu. Amma me ya sa bakwai, me ya sa waɗannan? Lambobin ƙasa na kashe-kashen su ne 2, 3, 4, 6 da 8. Ƙaramin ninkin da dukansu suka haɗu a kai shi ne 24. Saboda haka, kowace mas'ala aka ɗauko, asalinta dole ya kasance lambar da ke raba 24. Marabai na 24 kuwa su ne 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. A cire 1, abin da ya rage shi ne jerin malaman, babu daɗi babu ragi.

3.1 Alaƙoƙi Huɗu

Domin fitar da asali, malamai suna duba lambobin ƙasa biyu-biyu, su ga wace alaƙa ce tsakaninsu.

Tamasuli shi ne lambobin su zama iri ɗaya. Mace ta rasu ta bar miji da shaƙiƙiya guda: miji rabi, shaƙiƙiya rabi. 2 da 2 ne, sai a ɗauki ɗaya. Tadahuli shi ne ƙaramar ta shige cikin babbar, wato ta zama marabinta. Mutum ya bar 'ya ɗaya da uwa da shaƙiƙi: 'ya rabi, uwa sudusi. 2 tana raba 6, sai a wadatu da 6. 'Ya ta ɗauki 3, uwa 1, shaƙiƙi ya kwashe ragowar 2. Tabayuni shi ne lambobin su rasa wani marabi na tarayya in ban da 1. Mutum ya bar mata da uwa da baffa, babu ɗa babu 'yan'uwa: mata rubu'i, uwa sulusi. 4 da 3 ba su haɗa komai ba, sai a ninka ɗaya da ɗaya a sami 12. Mata 3, uwa 4, baffa 5.

Tawafuƙi ne ya fi bukatar natsuwa, kuma shi ne zuciyar darasin. Mutum ya bar mata da uwa da ɗa: mata tumuni, uwa sudusi. 8 ba ta raba 6, 6 ba ta raba 8, amma kowace tana da rabi. Malamai sai su ce sun dace a rabi, su ɗauki rabin ɗaya su ninka da cikakkiyar ɗayar: 4 sau 6, ko 3 sau 8, duka 24. Mata 3, uwa 4, ɗa 17. Da an ninka 8 da 6 kai tsaye da an sami 48, rabon ba zai ɓaci ba, sai dai an ninka wa kai aiki, shi ya sa malaman fannin suka nace a kan mafi ƙarancin adadi.

Idan aka zura ido za a ga ƙa'ida ɗaya ce ta sanya riga huɗu: a ninka lambobin biyu, a raba da babban marabinsu na tarayya. A tabayuni marabin 1 ne, don haka rabawar ba ta canza komai. A tadahuli marabin shi ne ƙaramar lambar, sai ta tafi ta bar babbar. A tamasuli ma haka. A nan ne kowace makaranta take da gibinta. Zaure yana ba da ƙa'idoji huɗu tare da dalilin neman su, amma ba ya cika nuna cewa tushensu guda ne. Aji yana ba da ƙa'ida ɗaya mai tsafta, amma a kan lambobi tsirara waɗanda babu wanda zai yi kuka idan an kuskure su.

Kuskuren kuwa yana da farashi. Abin da yara suka fi yi idan aka ce su tara tumuni da sudusi shi ne su tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, su sami 2 bisa 14, wato subu'i. Subu'i bai kai sudusi ba ma, ke nan rabon mata da uwa a haɗe ya gaza rabon uwa ita kaɗai. A dukiyar naira 1,200,000, haƙƙinsu 7 bisa 24 ne, naira 350,000. Lissafin yaron zai ba su abin da bai kai 172,000 ba.

3.2 Idan Kaso Ya Karye a Kan Kawuna

Gidan Bahaushe ba ya cika zuwa da mata ɗaya da ɗa ɗaya. A ƙaddara wani manomi a bakin gulbin Rima ya rasu ya bar mata biyu, da uwa, da 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Asali 24 ne: matan aure 3, uwa 4, 'ya'ya 17. Tumunin nan guda ne matan biyu za su raba, ba kowace da nata ba, kuma 3 ba ta rabuwa gida biyu. 'Ya'ya kuma, tun da namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, kawunansu goma ne: shida na maza, huɗu na mata. 17 ba ta rabuwa gida goma. Malamai sukan ce kaso ya karye, gyaransa kuma shi ake kira tas'hihi.

Ana yin gyaran hawa biyu. Da farko a gwada kowane kaso da kawunan masu shi. 3 da 2 tabayuni ne, sai a riƙe 2. 17 da 10 tabayuni ne, sai a riƙe 10. Sannan a gwada abin da aka riƙe: 2 tana shiga cikin 10, tadahuli ke nan, sai a ɗauki 10 a ninka asali da ita. An sami 240. Matan aure 30, kowace 15, uwa 40, 'ya'ya 170, kowace mace 17, kowane namiji 34. Idan abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 1,200,000 ne, kowane kaso ya zama naira 5,000: kowace matar aure 75,000, uwa 200,000, kowane ɗa 170,000, kowace 'ya 85,000. (Abin sha'awa, a zamanin fam wannan mas'ala da kanta take warwarewa, domin kowane fam ɗaya na dukiyar kwabo 240 ne.)

Wani lokaci kaso da kawuna sukan dace. Wanda ya bar uwa da uba da 'ya'ya mata shida, asalinsa 6 ne: uwa 1, uba 1, 'ya'ya 4. 4 da 6 sun dace a rabi, saboda haka ba a ninka asali da 6, sai da rabinta, 3. Mas'ala ta inganta daga 18, kowace 'ya ta sami 2, iyaye kowanne 3. Ɗalibin da ya bi wannan da hannunsa ya yi amfani da babban marabi da ƙaramin ninki a cikin aiki guda, ya kuma ga abin da kowanne ya yi masa.

4.0 Yadda Ake Gano Babban Marabi

A ƙananan lambobi ido ya isa. Idan suka girma, littattafan gado suna da dabara: a riƙa zubar da ƙaramar daga babbar har ta kasa, sannan a zubar da ragowar daga ƙaramar, a ci gaba har wata ragowa ta cinye ta gabanta ƙaf. Wadda ta cinye ita ce marabin. Idan aka gangaro har 1, tabayuni ne. Dabarar tana cikin littafi na bakwai na Usulu na Iƙlidis, masanin Girka da ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau da ita kwamfuta take aiki.

Fadama ta fi allo nuna ta. A ce gona tana da tsawon taki 84 da faɗin taki 60, ana son a yanka ta fili-fili masu kusurwa huɗu daidai wa daida, mafi girman da zai yiwu, kada a bar gefe. A cire 60 daga 84, saura 24. A cire 24 daga 60 sau biyu, saura 12. A cire 12 daga 24 sau biyu, babu saura. Kowane fili zai zama taki 12 a kowane gefe, bakwai a tsaye, biyar a kwance, 35 ke nan. Dalilin ingancin dabarar mai sauƙi ne: igiyar da ta auna 84 daidai ta kuma auna 60 daidai, dole ta auna bambancinsu daidai. Saboda haka matsalar tana ƙanƙancewa a kowane mataki ba tare da amsar ta canza ba.

A gona guda ana iya nuna ɗaya fuskar. Manomin da ke ban ruwan albasa duk bayan kwana uku, idan ya fara ran Juma'a, ban ruwa ba zai sake faɗo masa a Juma'a ba sai bayan kwana 21, ƙaramin ninkin 3 da 7. Yanka abu gida-gida aikin marabi ne. Jiran abubuwa biyu masu zagayowa su haɗu aikin ninki ne.

5.0 Lambobi Kurame

Hausa ta ari sunayen kashi daga Larabci har zuwa goma: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, tumuni, tusu'i, ushiri. Daga nan suna ya ƙare, sai a ce kashi ɗaya cikin sha ɗaya. Masana hisabi na Larabawa sun kira lambobi irin su 11 da 13 da 17 kurame, domin babu ɗaya daga kashe-kashen nan masu suna da zai kira su su amsa. Kalmar tana da daɗin koyarwa, amma a kula: lissafin zamani yana ware duk lambar da ba ta da marabi sai 1 da ita kanta, kuma wannan ya haɗa da 2, 3, 5 da 7, waɗanda ba kurame ba ne a wancan ma'auni. Ana iya kiran wannan rukuni gagara-rabo. Su ne tubalan da ake gina kowace lamba da su: 24 ita ce 2 sau 2 sau 2 sau 3, shi ya sa 17 ta misalin baya ta ƙi jituwa da 10.

Akwai tambayar da ta shahara a littattafan hisabi: wace ce ƙaramar lambar da ke da rabi da sulusi da rubu'i har zuwa ushiri, duka cikakku? Amsar da ake dangantawa ga Sayyidina Aliyu ita ce a ninka kwanakin mako da kwanakin shekara, 7 sau 360, wato 2,520. Ta hanyar tubala ma nan ake isa: ana bukatar 8 saboda tumuni, 9 saboda tusu'i, sai 5 da 7, sauran duk suna cikin waɗannan. 8 sau 9 sau 5 sau 7 ya ba da 2,520.

6.0 A Cikin Aji

Ba a nufin malamin lissafi ya koma mai fatawa. Sanin wanda ya gada da wanda aka katange aikin malaman fiƙihu da alƙalai ne, kuma ajin gwamnati yana iya ƙunsar yaran da ba Musulmi ba. Abin da malami zai ara shi ne tambayar da kalmomin. Ya zo da tsakuwa ko ƙwayar masara 24, ya ce a fitar da tumuni da sudusi, yara su gani sun fita. Ya rage su zuwa 20, su gwada su ga sun karye. Daga nan su nemo da kansu adadin da ya fi ƙanƙanta da zai karɓi kashe-kashen biyu. Sunan Turanci ya zo daga baya, bayan hannu ya riga ya san abin.

Wuri ɗaya ne ya kamata a yi hattara, wato mas'alolin auli, inda kashe-kashe suke fin dukiya yawa. Mace ta bar miji da shaƙiƙai mata biyu: rabi da sulusi biyu, asali 6, miji 3, shaƙiƙai 4, jimla 7. Hukuncin da aka bi tun zamanin Sayyidina Umar shi ne a kasa dukiyar gida bakwai, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Haka 6 take hawa zuwa 7, 8, 9 ko 10. 12 zuwa 13, 15 ko 17. 24 zuwa 27, kamar a mas'alar da ake kira Mimbariyya, inda mata ke samun 3 cikin 27, tumuninta ya koma tusu'i. Ɗalibi mai kaifin kai zai tambaya ta yaya 7 ta zama asali alhali ba ninkin 2 ba ce, ba kuma ninkin 3 ba. Amsar ita ce ƙaramin ninki ya gama aikinsa tun lokacin da ya ba da 6 ya mai da rabi 3, sulusi biyu 4. Bakwai jimlar kason ce, kuma sanya ta a matsayin sabon adadin rabo hukunci ne na fiƙihu. Zai fi kyau a jinkirta irin waɗannan misalai zuwa ƙaramar sakandare, lokacin da aka shiga darasin rabo bisa gwargwado, inda 3 da 4 za su zo a matsayin ma'aunin miji da na shaƙiƙai.